Libarbar da Delbert Ya Gyara

"Kowa ya kwanta a ƙasa! Fashi ne!"

Babu wanda ya kwanta. Ba wai taurin kai ba ne. A shagon abincina da ke cikin kasuwar shanu ta Tarlow, a jihar Tekzas, duk masu zaman dogon tebur sun ba saba'in baya, kuma wanda duk ya kwanta a cikinsu sai an samo ƙarti biyu sun ɗaga shi. Don haka suka ajiye kofunan kofi, suka juyo da kujerunsu, suka zuba ido.

Mutum biyu ne a bakin ƙofa, kowanne ya zura safar mata a ka. Dogon yana riƙe da wata 'yar libarba, ƙaramar bindigar hannu irin ta da. Gajeren mai tumbi, wanda ya yi tsawar, ya cusa hannu cikin wandonsa yana ta lalube kamar wanda cinnaka ya shige wa.

Ni kuwa ina bayan kanta da ludayi a hannu. Imogene Pruitt nake, na tsufa ina dafa wake da burodin masara a wurin nan, kuma in gaya muku gaskiya, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne tukunyata da ke kan wuta.

"Ke tsohuwa! Ina ofishin kuɗi?" in ji gajeren.

"Tsohuwa na gidanku," na ce. "Ga ƙofa nan a bayana, ko safar ta toshe maka ido?"

Ya yo gaba da sauri — sai muka ji wani abu ya yi ƙwal a cikin takalminsa. Ya tsaya. Ya dubi ƙafarsa. Ya ja tsaki, ya wuce ofis yana ɗingishi, hannu biyu ba komai.

Dogon ya rage shi kaɗai da mu. Ya nuna wannan, ya nuna wancan. A nan ne tsoho Orval Haskins, wanda ba a taɓa zancen bindiga a gabansa ya yi shiru ba, ya zaro tabarau daga aljihu, ya goge, ya maƙala, ya miƙo wuya.

"Ɗana," ya ce, "ɗan juya mini ita gefe in gani."

Dogon ya juya ta. Wallahi ya juya ta.

Orval ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai. "Wane marar tausayi ne ya yi wa baiwar Allah nan wannan aika-aika?"

To, kafin in gaya muku amsar da ya samu, sai kun san su wane ne a cikin safar. A lokacin ni ma ban sani ba. Daga baya na ji komai, rabi a kotu, rabi daga bakin direbansu, wanda ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa.

Wa da ƙane ne, Delbert da Royce Scoggins, 'yan wani ƙauye da ake kira Quill, can yamma da mu. Dogon shi ne Delbert, shi ne babba. Mutum ne mai sanyin hali da son taɓe-taɓe. Tun yana yaro ba ya ganin agogo ko rediyo bai kwance ba, kuma ban ji labarin ko guda da ya sake aiki bayan ya mayar ba. Ubansu Harlan har ya tsufa yana cewa, "Duk abin da Delbert ya taɓa, ku yi masa addu'a." Amma da ciwon ajali ya kama shi, Delbert ya kira, ba Royce ba, ya damƙa masa libarbar da ya yi rabin rayuwarsa yana yawo da ita. Tun daga ranar Delbert ba shi da wani buri a duniya sai ɗaya: kada a wayi gari a ce ya lalata bindigar ubansa. Ka zage shi, ka cinye masa abinci, ka kira shi sakarai, duk murmushi zai yi. Wannan ɗayar ce ba ya ɗauka.

Royce shi ne mai baki da dabara. Shi ya ga jirgin kamun kifi a hoto ya ƙwallafa rai. Shi ya ce ai kuɗin jirgin yana ofishin kasuwar shanu duk ranar Laraba. Shi kuma ya kawo ƙanen matarsa, Norvel, tsohon direban motar 'yan makaranta, ya ce ga mai tuƙi.

Matsalarsu ɗaya. Daga inda ake ajiye motoci zuwa shagona sai ka ratsa filin kasuwa, cikin makiyayan da ko allura ka ɓoye a aljihu za su gane. Ɗaukar bindiga a nan ba abin kallo ba ne, kowa da tasa. Amma baƙo mai kumburarren aljihu, ido na kansa har ya fita. Dole makami ya ɓoyu, kuma a kan wannan ne 'yan'uwan suka yi ta kai ruwa rana.

Rannan suna garejin Delbert da rana tsaka, shi yana kan benci da magagari, Royce na tsaye a kansa.

"Yaya, don girman Allah ka rabu da tsohon ƙarfen nan. Dubi tawa." Ya ajiye wata baƙar fistol, siririya, ba ta fi wayar hannu kauri ba. "Jiya na sayo ta. Ba nauyi, ba tudu. Ka soke ta a ƙugu, ko matarka ba za ta sani ba."

"Ba ni da mata."

"To ka ga ma an rage maka aiki."

Delbert ya ɗaga fistol ɗin da yatsa biyu, ya shinshina, ya ajiye. "Roba ce."

"Robar da ke cin harsashi goma. Taka fa? Biyar. In mutum shida suka taso maka, na shidan haƙuri za ka ba shi?"

"Baba bai taɓa buƙatar na shida ba."

"Baba ko na farko bai taɓa buƙata ba. Macizai yake kora da ita."

"To ai sun koru."

Norvel yana gefe yana ɓare gyaɗa. "Ni dai a ganina—"

"Ba a tambaye ka ba," suka ce tare.

Abin da ya kai Delbert ga magagari shi ne gwajin farko. Ya sa libarbar a aljihun wando, Royce ya ce zaro, ya zaro — ɗan ƙahon nan na bayanta, wanda ake dannawa da babban yatsa, ya kama yadi. Aljihu ya yage har gwiwa. Royce ya yi dariya har da hawaye. Washegari Delbert ya goge ƙahon tas. Da ya ga mariƙin katakon na yin tudu a riga, ya fere shi. Da ya ji kunamar ta yi masa tauri, ya buɗe cikin bindigar ya yi ta abin da daga shi sai Allahnsa suka sani. Da ya mayar, wasu 'yan ƙananan ƙarafa biyu suka rage a kan benci. Ya dube su, ya ce ai dama sun yi yawa, ya share su cikin gwangwani.

"Ka gwada ta kuwa?" in ji Norvel.

"Harsashi tsada."

Ni na ce ba tsada ba ce, tsoron amsa yake.

"Za ka lalata bindigar Baba," in ji Royce.

Delbert ya ajiye magagari a hankali. "Sake faɗa."

Royce bai sake ba, ya san iyakarsa. Ya koma zancen shiri. "Mu shiga, mu ɗauki jaka, mu fita. Ni zan tsare ɗakin da tawa, kai kawai ka tsaya ka cika ido. Kuma Yaya, ka yi wa Allah kada ka yi magana da kowa. Ko gaishe ka aka yi kada ka amsa."

To mu koma shagona. Orval ya yi tambayarsa, dogon ya yi shiru kamar yadda aka umarce shi. 

"Kun ga irin wannan," Orval ya juya ga abokansa, "ba a ƙera ta yanzu. Ƙarfe ne na gaske. Sai wani ɗan ba-ni-na-iya ya samu magagari, ya guntule mata ƙaho, ya fere mata mariƙi sai ka ce rogo."

"Ba guntulewa ba ce," in ji murya daga cikin safa. "Gyara ne. Tana kama aljihu."

"To ka sake wando mana. Don takalmi ya matse ka sai ka yanke yatsa?"

Dub Whitlow ya gyara zama. Shi da Orval tun suna da haƙora suke musu a kan wannan magana. "Ai na sha faɗa maka, Orval. In ɓoyewa kake so, ka sayi wadda aka ƙera don ɓoyewa." Ya ɗaga gefen riga, ya zaro tasa, ya ajiye kusa da kwanon wake. "Ka gani? Ba gyara, ba ciwon kai."

"Wannan abin wasan jikoki?" Orval ya sunkuya da ƙyar, ya zaro libarba daga idon sawunsa, ya dangwarar. "Ga bindiga."

"Ga dai dutsen niƙa. Shi ya sa kake tafiya a karkace."

"Gara in karkace da in ja kunama abu ya shaƙe mini a hannu."

Shi ke nan, an sosa musu inda yake musu ƙaiƙayi. Wannan ya zaro daga hammata, wancan daga ƙugu, har tsohon faston cocinmu ya ce a gafarce shi, ya zaro wata 'yar mitsitsiya daga aljihun ƙirji. Kan ka ce kwabo tebur ya cika da bindigogi, tsakanin kofuna da kwalaben barkono. Kuma ba wanda ya tuna cewa ana iya nuna wa ɗan fashi ko guda. Su dai kowa so yake a ce tasa ta fi.

Ɗan fashin ma ya matso. Ya jawo kujera da ƙafa. Da na ga haka na zuba masa kofi, don ba a zama a teburina baki bushe. Sannan na shige kicin na ɗauki waya.

"Hoyt, Imogene ce. Ana fashi a wurina."

Hoyt Maddox shi ne shugaban 'yan sandan yankinmu, na san shi tun yana yawo ba wando. "An harbi wani?"

"A'a. Musu suke."

"Libarba da fistol?"

"Da me kuma?"

"To da sauran lokaci. Bari in sa takalmi."

Da na fito musu ya ɗau zafi. Ɗan fashin ya naɗe safar zuwa hanci don ya samu bakin kofi da bakin magana.

"Ni dai abin da na ce," Orval na buga tebur, "wanda ya fara mallakarta mutumin kirki ne, ga alama nan a jikinta, ya shafa mata mai, ya rene ta. Wanda ta faɗa hannunsa daga baya shi ya lalata ta. Da mai ita zai tashi ya gani—"

"Da zai tashi da ya sa mini albarka!" Dogon ya miƙe, kujera ta kife. "Ba wanda ya san bindigar Harlan Scoggins kamar ni ɗansa!"



"Harlan na Quill?" in ji Dub. "Mai haƙar rijiya? Allah ya jiƙansa, shi ya haƙa mini ta gona. Kai ne babban ko ƙaramin?"

"Babban."

"To wancan mai tumbin Royce ke nan. Kai, yaro ya yi ƙiba."

Daidai nan Royce ya fito daga ofis da jaka a hammata, yana jan ƙafa. Bai sha wahala a ciki ba, don mai ajiyar kuɗin ta zaga bayi ta bar akwati a buɗe. Ya ga bindigogi reras a tebur. Ya ga wansa da kofi a hannu. Ya ji sunansa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja launi ta cikin safa ba sai ranar.

"Sannu Royce," in ji tsofaffi. "Ya iyali?"

"Yaya — mota! Yanzu!"

"Tsaya in gama yi wa dattijon nan bayani—"

Royce ya cafki wuyan rigarsa ya ja. Har suka kai ƙofa Delbert na waiwaye yana cewa, "Kuma kunamar ta yi laushi, ba ku taɓa ba ne kawai!"

Na ruga kicin. Wake ya riga ya kama.

A waje a-kori-kura na jira, inji na aiki. Suka faɗa ciki.

"Taka, Norvel! Taka!"

Norvel ya duba madubin dama. Ya duba na hagu. Ya ba da sigina. "Kowa ya ɗaura bel."

"Zan kashe ka!"

"Da me?" in ji Delbert. "Taka tana takalmi."

Gaskiyarsa. Siririyar fistol ɗin Royce ta ɓoyu har ta wuce gona da iri. Da ya daka tsawar farko tumbinsa ya motsa, ta zame daga ƙugu, ta bi ƙafar wando, ta sauka cikin dogon takalminsa ta zauna daram. Yanzu ƙafar ta kumbura a kanta, takalmi ya ƙi fita.

Suka hau titi. Norvel ya tsaya a kan gudun da doka ta ce, ko ɗigo bai ƙara ba. Wata motar ɗaukar ciyawa ta wuce su, direban na ɗaga musu hannu. Da suka iso inda layin dogo ya gitta, Norvel ya taka birki, ya buɗe ƙofa, ya kasa kunne — layin da rabonsa da jirgi tun ina budurwa.

"Me kake yi kuma?"

"Duk tsawon tuƙina da 'ya'yan mutane ban taɓa ƙetare layi ban saurara ba. Ba yau zan fara ba."

Royce ya dafe kai. Sai kuma ya dubi jakar da ke cinyarsa, ya dubi wansa. Da ya buɗe baki muryar ta yi taushi.

"Yaya, sun san sunanmu, amma maganar tsofaffi ce, rabinsu ba sa gani sosai. Shaida ɗaya ce ta gaske, ga ta nan a hannunka. Duk faɗin Tekzas babu mai irinta, kai ka tabbatar da haka. Jefa ta a rafi."

"Sai dai ka jefa ni."

"To na ji. Ga bishiya can. Je ka binne ta a gindinta, in ƙura ta lafa mu dawo mu tone. Muna nan muna jiranka."

"Ka rantse?"

"Da kabarin Baba."

Delbert ya sauka. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe libarbar, ya durƙusa yana tona da hannu. Ya sa ta, ya rufe, ya daddanna. Da ya waiwayo, a-kori-kura ta kama hanya, tana tafiya a hankali, sigina na ƙyaftawa. Da ya bi ta da gudu da ya cim mata, amma bai bi ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tuna ƙasar da damshi, tsatsa za ta ci ƙarfe, sai ya sake durƙusawa ya tone ta.

Duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Ɗan fashi ne, na sani, a shagona ya shiga. Amma ba a yi wa ɗan'uwa haka, balle da sunan uban da ke kwance.

Hoyt kuwa ya iso shagona ya tarar an gama masa aiki. Tsofaffi suka ba shi suna, sunan uba, ƙauye, launin mota, da ra'ayin kowa a kan ƙahon da aka goge. Da ƙyar ya ƙwaci kansa. Ya shiga motarsa, mataimakiyarsa Lupe ta shiga tata, suka miƙe yamma.

A layin dogo Hoyt ya hango mutum ba riga a gindin bishiya. Ya tsaya, ya yi wa Lupe hannu ta wuce.

Ita ba ta yi nisa ba ta cim ma a-kori-kura. Jiniya ɗaya ta kunna. Norvel ya ba da sigina, ya gangara gefe, ya kashe inji, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari. Royce ya dirgo da jaka ya yanki daji — ƙwal, ƙwal, ƙwal — taku kaɗan ya yi, wayar shinge ta kama masa wando, ya kife.

"Kana da makami?" in ji Lupe.

"Ina da shi, Madam. Kaiwa gare shi ne ba na iyawa."

Sai a asibiti aka yanka takalmin.

Can baya Hoyt ya fake a ƙofar mota, ya ɗauki lasifika. "Delbert Scoggins! Jefo bindigar nan kan titi!"

"A kan tsakuwa, Yallaɓai?"

"A kan tsakuwa!"

"Za ta ƙarce."

"Delbert, ba ciniki muke ba."

"To harbe ni. Amma ba na jefa ta a ƙasa."

Hoyt ya gaya mini daga baya cewa ya dubi mutumin, hannu duk laka, hawaye na bin ƙurar fuskarsa, ya ji ba zai iya ba. Shi ma yana da ta ubansa a gida, cikin akwati. Ya ajiye lasifika, ya tako a hankali, ya cire hularsa, hular da ko a coci sai matarsa ta zungure shi yake cirewa, ya juya ta, ya miƙa. Delbert ya goge libarbar da rigarsa, ya kwantar da ita a ciki.

Hoyt ya leƙa hular. "Kai, wa ya yi mata—"

"Yallaɓai, don Allah."

"Shi ke nan. Shiga mota."

Ranar shari'a dogon tebur kaf ya tashi ya koma kotu, ni ma na rufe shago. Royce ne ya fara ba da shaida, cikin sabon kwat. Ya dafa Littafi ya ce wansa ne ya tsara komai, shi da bakin bindiga aka tilasta masa, shi ko makami bai fito da shi ba. Wannan na ƙarshen dai gaskiya ne. Delbert bai ɗago kai ba.

Sai aka kira mutumin da ke gwada wa 'yan sanda makamai. Ya ce ya ɗura wa libarbar harsashi, ya ja kunama har yatsansa ya gaji, ko tari ba ta yi ba. Ya ce akwai ƙarafa biyu da babu su a cikinta. Ya ce a yadda take, guduma ta fi ta haɗari.

Lauyan Delbert, wani Ledbetter, saura kaɗan ya taka rawa. Da aka tafi hutu ya ja shi gefe. Ina bencin baya ina ji, don tsufan bai kai kunnena ba.

"Malam Delbert, Allah ya ba mu. Mutanen nan da ke taya alƙali yanke hukunci 'yan ƙauye ne, suna da tausayi. Abu ɗaya zan tambaye ka: ka san bindigar ba ta aiki? Ka ce e. Ka ce kai ka lalata ta da hannunka, ka shiga wurin da mataccen ƙarfe don ba ka nufin kowa da sharri. Shekara biyu za a ba ka, in ka yi ladabi ma ba za ka cika ba. In kuwa suka ɗauke ta makami mai kisa, goma na kallonka."

"In ce na lalata ta."

"Shi ke nan. Meye a ciki?"



Aka koma. Aka tsayar da shi. Ledbetter ya yi tambayarsa yana yi wa jama'a murmushi. Orval da ke kusa da ni ya runtse ido yana raɗa, "Ce e, ɗana. Ce e, ka rabu da bakina." Har Royce na ga ya ɗago.

Delbert ya dubi teburin da aka ajiye ta, ya daɗe yana dubawa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "bindigar nan lafiyarta ƙalau. Harsashin da suka sa mata ne ba shi da kyau."

Ledbetter ya zube a kujera. Alƙali ya cire tabarau. "Malam Scoggins, ka fahimci abin da kake faɗa? Kana gaya wa kotu da makami mai aiki ka shiga shagon matar nan?"

"Mai aiki, ranka ya daɗe. Da na ja, da ta tashi."

Ban san sanda na miƙe ba. "Ƙarya yake, ranka ya daɗe! Kofi kawai ya sha!" Aka ce in zauna ko a fitar da ni. Na zauna ina huci, da zan kai gare shi da na ƙwala masa ludayi a ka ko hankalinsa ya dawo.

Ga yadda aka tashi. Jaka ta koma ofis yadda ta fita. Norvel ya samu shekara ɗaya. Royce uku, ba jirgi ba kifi, ɗingishin kuma ya zauna masa har yau. Delbert tara. Alƙali ya karanta cewa an same shi da laifin fashi da makami mai kisa, kuma makamin za a narkar da shi.

Na zaci nan zai fashe da kuka. Sai na ga ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. In aka narkar da ita, ba mai sake gwada ta ke nan.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "wannan 'mai kisa' ɗin, an rubuta shi?"

"An rubuta."

Ya juya ga ƙanensa. Ba zagi, ba gori. "Ka dai ji, Royce."

Da za a wuce da shi ta gabanmu, Orval ya dafa sanda ya miƙe da ƙyar. Mutumin da ban taɓa jin ya janye magana ba, sai ga shi ya ce: "Gyaran ya yi kyau, ɗana."

"Ai na gaya maka, Baba," in ji Delbert, fuskarsa fal murna.

Aka fita da shi, ankwa a hannu. Shekararsa hamsin da takwas a ranar.